Ƙishirwar Fernande

Tun kafin su bar Roubaix Didier ya kafa dokar. Yana durƙushe a ƙofar gida yana ɗaura tirelar kwanansu a bayan mota, ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Mama ba za ta sha komai ba sai mun sauka. Kowa ya ji da kyau."

Matarsa Nadège ta fito ke nan da kwanon kofi da madara da ta haɗa wa tsohuwar. Ta tsaya a bakin ƙofa. "Har na safen ma?"

"Na safen ne ma babbar matsalar. Kin manta bara? Sau biyu aka wanke kujerar nan, warin bai fita ba sai da sanyi ya shigo. Kusan kilomita dubu ne a gabanmu. Ba zan riƙa neman banɗaki duk bayan rabin awa ba, ina jan wannan uban kaya."

"To a sa mata famfas na manya mana."

"Uwar tawa za ki ɗaura wa famfas? Ki bar maganar nan."

Ƙanwarsa Murielle, wadda ta kwana a gidan da ƙaramin karenta Biscotte don a yi sammako tare, ta leƙo daga cikin mota. "Gaskiyarsa. Ita ma hakan ya fi mata mutunci. Ko ba haka ba, Mama?"

Fernande tana da shekara tamanin da ɗaya. Tun ƙarfe shida aka zaunar da ita a kujerar baya aka ɗaura mata bel, tana sanye da rigar ulu mai maɓallai da ba ta rabuwa da ita, jakarta a cinya. Ta yi murmushi irin na wadda aka yi wa alfarma da aka tafi da ita. "Ni ba na jin ƙishirwa, 'ya'yana. Kar ku ɓata lokacinku a kaina."

Nadège ta koma kicin ta zubar da kofin. Ta kawo ƙwayoyin safe guda huɗu, har da 'yar farar nan ta hawan jini mai sa yawan fitsari, ta ba ta da kurɓin ruwa ɗaya. Babbar gorar ruwan kuwa ta ajiye ta a gaba, tsakanin ƙafafunta.

Suna hawa babbar hanya rediyo ya fara nanata cewa zafin makon nan ba irin wanda aka saba ba ne, a kula da tsofaffi, a sha ruwa ko ba a jin ƙishirwa. Didier ya canza tasha. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya allurar zafin inji ta fara hawa, sai ya kashe esi ya ce motar ba za ta iya jan tirela da sanyaya mutum huɗu a lokaci guda ba. Suka sauke gilasan gaba. Na baya kuwa Murielle ta ce a bar su, iska na sa wa Biscotte ciwon kunne.

Da rana ta karkata, sai ta faɗo ta gefen da Fernande take. Nadège tana ganinta ta madubin ƙofa: gumi na bin wuyanta yana shiga rigar ulun, tana lumshe ido, tana danna goshi da yatsa biyu.

"Mama, ku cire rigar nan mana."

"Sai an kwance bel, sai an tsaya. Bar shi, 'yata."

A zangon da suka tsaya shan mai, Murielle ta fito da ɗan kwanon roba ta miƙo hannu a ba ta gora. Nadège ta miƙa mata. Karen ya kafa kai yana sha, ruwa na fallatsa a kan kwalta, yana bushewa nan take. Fernande tana kallo ta gilashi. Nadège ta ga maƙogwaronta ya motsa. Aka raba burodi da yankakken nama mai gishiri. Tsohuwar ta tauna loma biyu ta kasa haɗiyewa, ta naɗe sauran a takarda ta sa a jaka.

Da yamma suka sauka a wani sansanin masu hutu kusa da Langres. Nan Fernande ta samu kofin ruwa ɗaya da 'yar miya. Ta shanye ta miƙo kofin da hannu biyu a ƙara mata, sai Murielle ta karɓe shi.

"Bakwai ta wuce. Ni ce nake kwana kusa da ita a tirelar nan, ba ku ba. Ba zan yi hutuna ina tashi raka mutum banɗaki ba."

"An ce sai an sauka," in ji Nadège a hankali. "Ga shi an sauka."

"Ta sha ai. Ba ki gani ba?" Didier ya buɗe kwalbar giyarsa mai sanyi. "Tsofaffi ba sa buƙatar ruwa kamar mu. Jikinsu ba ya aiki."

Nadège ta juya ta hau tattara kwanuka. Shekara ashirin da biyu tana zaune da Didier, ta san yadda gardama take ƙarewa: kwana uku ba magana, ana rufe ƙofa da ƙarfi. Kuma akwai wani abin da ba za ta faɗa wa kowa ba. Duk shekara ita ce mai yi wa tsohuwar wanka, ita ce mai canza zanen gado, ita ce mai tashi idan an kira. Yau ce rana ta farko cikin watanni da ba ta wanke komai ba, kuma ta ji daɗin hakan. Ta ce a ranta gobe da rana za su isa, sai ta ba ta ruwa har ta ƙoshi.

Washegari Fernande ta kasa sauka daga tirela da kanta. Ƙwaurinta ya ɗaure, tana cije leɓe tana murza shi. Nadège ta riƙe ta har banɗakin sansanin. Abin da ya fito bai cika cokali uku ba, launinsa kamar baƙin shayi. Da ta miƙe tsaye sai jiri ya kwashe ta, ta dafe bango.

Nadège ta tari ruwan famfo a tafin hannu. "Ku sha, Mama. Ba wanda ya gani."

Tsohuwar ta kurɓa sau biyu, ta kawar da kai. "Ya isa. Kar in ja miki faɗa. Yaron nan yana wahala da tuƙi, kar in ƙara masa."

Da suka dawo Nadège ta gaya wa mijinta abin da ta gani. Ya yi dariya yana naɗe igiyar lantarki. "Kin gani? Dabarar ta yi aiki. Jiya sau nawa muka tsaya dominta? Ko ɗaya."

"Fitsarin nan ba na lafiya ba ne, Didier."

"Yanzu kin zama likita? Ba ta maganinta mu tafi."

Ta ba ta ƙwayoyin huɗu, har da farar.

Ranar ba su isa ba. Tun kafin Lyon motoci suka tsaya cak, layi uku, har inda ido ya ƙare. Kwalta na tururi. Mutane sun rataya tawul a gilasai, wasu sun fito suna zuba wa kansu ruwa a ka. Cikin awa huɗu ba su yi tafiyar da ta kai ta minti talatin ba. Didier yana ta zagin hanya da masu hanya. Murielle ta jiƙa hankici tana shafa wa Biscotte a ciki.

Wajen ƙarfe uku Fernande ta yi amai. Ba wani abu ba ne, ɗan ruwa ne rawaya, ta tare shi da takardar burodin jiya don kar ya taɓa kujera.

"Ku yafe ni," ta ce. "Ku yafe ni, 'ya'yana."

"Tirƙashi!" in ji Murielle tana toshe hanci. "Da ma an ba ta ruwa yau da mun yi iyo a motar nan."

Nadège ta ɗauko gora ta juya baya. Didier ya riƙe mata hannu ba tare da ya kalle ta ba. "Jirin mota ne. In kin ba ta yanzu dawowa zai yi. Ke za ki wanke?"

"Ai kullum ni ce nake wankewa."

"To ki huta yau."

Ta mayar da gorar tsakanin ƙafafunta. Ruwan cikinta ma ya yi ɗumi kamar na wanka.

Suka kwana kusa da Vienne, a wani fili marar bishiya ko ɗaya. Tirelar ta wuni cikin rana, cikinta kamar tanda. Fernande ta ƙi abinci. Kofin ruwan da aka ba ta, rabinsa ya zube a ƙirjinta saboda rawar hannu, Murielle ta ce ba za a ƙara ba, wanda ya shiga ya isa. Tsohuwar ta zauna a kujerar roba tana kallon waje ɗaya, numfashinta gajere, har aka shigar da ita.

Rana ta uku Asabar ce, ranar da rabin ƙasar ke kan hanyar kudu. Tun ƙarfe tara allon da ke saman hanya yake nuna zafi ya haura digiri talatin da biyar. Da Nadège ta zo ba Fernande magani, sai ta ga leɓenta ya tsage, harshenta ya bushe ya yi fari. Ƙwayar ta manne a kai, sai da ta sa yatsa ta tura.

"Didier, mu kai ta wani asibiti a nan."

"A ranar Asabar? Mu wuni a layi, a ce mana ta sha ruwa ta huta? Saura awa uku mu isa. Can akwai kogi, akwai inuwa. Ki daina ɗaga mana hankali."

Bayan sun wuce Valence sai Fernande ta fara magana, da wata murya da Nadège ba ta taɓa ji ba, mai kaushi, kalmomin na harɗewa. "Armand, ka kashe injin nan. Zaren ya tsinke. Ka kashe, na ce!"

Armand mijinta ne, ya rasu shekara goma sha tara da suka wuce. A masaƙa ɗaya suka yi aiki.

Murielle ta fashe da dariya. "Ka ji, Didier, yau kai ne Baba. Mama, wane zare kuma?"

"Ke wace ce? Cire hannunki daga jikina, 'yar banza!"

Dariyar ta tsaya. Fernande ba ta taɓa zagin kowa ba a gaban 'ya'yanta. Murielle ta matsa jikin ƙofa ta rungume karenta. "Na faɗa tun bara, kanta ya fara juyewa. Ba wanda ya saurare ni. In mun dawo sai a nemi gidan tsofaffi."

Nadège ta juya sosai ta kalle ta. Fuskar ta yi ja kamar an mare ta, idanun a buɗe amma ba sa kallon kowa. Wuyan da shekaranjiya yake jiƙe sharkaf yau a bushe yake. Ta miƙa hannu ta taɓa kumatunta, ta janye da sauri.

"Jikinta zafi kamar wuta. Kuma ba ta gumi."

"To ai shi ke nan," in ji Didier. "In ba ta gumi ba ta jin zafi ke nan. Mu ne muke shan wahala, dubi rigata."

Ƙarfe ɗaya saura suka shiga wani zango kafin Montélimar. Duk inda ke da inuwa an cika shi. Mota mai tirela sai can baya, cikin manyan motoci, a tsakiyar rana. Didier ya kashe inji ya ce kowa ya fito a ci abinci a wuri mai sanyi. Fernande ba ta motsa ba. Kanta ya faɗa gefe, bakinta a buɗe.

"Ta samu barci," in ji shi. "Ku bar ta ta huta. In kin tashe ta zagi za mu sha a gaban mutane. Minti ashirin ne."

"A cikin motar?"

"Na sauke gilashi kaɗan."

Murielle ta ɗaura wa Biscotte igiya. "Zo nan, ɗana. Ba a barin kare a mota a irin wannan zafin."

Nadège ta ji maganar sarai. Ta tsaya riƙe da murfin ƙofa, ta kalli tsohuwar, ta kalli bayan mijinta da ya riga ya yi nisa. Sannan ta rufe ƙofar ta bi su.

Cikin gidan abincin sanyi ne mai daɗi, layi kuma har bakin ƙofa. Minti ashirin suka wuce ba su kai rabi ba. Nadège tana ta duba agogon bango. A minti na talatin da biyar ta ajiye farantin da ke hannunta, ta ɗauki gorar ruwa mai sanyi daga firij, ta ce wa Didier ya biya. Ya kira sunanta sau biyu, ba ta waiwaya ba. Da ta fita sai ta ga kanta tana gudu.

Murfin ƙofar ya ƙona mata hannu. Iskar da ta fito daga motar ta doke ta a fuska. Fernande ta zame, bel ɗin ne kawai ya riƙe ta. Numfashinta na fita da sauri da wani gurnani, hannunta ɗaya na karkarwa shi kaɗai.

"Mama! Mama, ni ce, Nadège!"

Ba amsa. Ta buɗe gora ta kai bakinta.

"Kar ki ɗura mata, Madam! Shaƙe ta zai yi!"

Wani direban babbar mota ne, dattijo mai furfura, ya diro daga motarsa da ke gefe. Ya leƙa, ya taɓa wuyan tsohuwar, fuskarsa ta canza. "Zafi ne ya buge ta. Tun yaushe take a nan? A'a, bari, kira lamba sha biyar yanzu, ta agajin gaggawa. Ni zan ɗauke ta."

Ya kwance bel ɗin ya sungume ta kamar yarinya, ya kai ta inuwar motarsa, ya kwantar da ita a kan wani kwali. Nadège ta danna waya. Wata mace ta ɗauka, ta tambayi sunan zangon, shekarun marar lafiya, ko tana numfashi, ko tana amsa kira.

"Saurare ni da kyau, Madam," in ji muryar. "Masu agaji sun taso, amma hanya a cushe take. Abin da za ku yi kafin su zo shi ne komai. Ku kwantar da ita ta gefe. Ku cire mata kaya. Ku jiƙa duk jikinta da ruwa mai sanyi, ku yi ta yi mata fifita. In akwai ƙanƙara, a sa a wuya, da hammata, da matsematsi. Kar a ba ta komai ta baki. Kar ku tsaya ko da kun ga kamar ta farfaɗo."

"Ƙanƙara?" in ji direban. "Kifi nake ɗauke da shi. Ƙanƙara har ta yi yawa."

Ya ruga bayan motarsa. Nadège ta kama maɓallan rigar ulun, suka ƙi buɗuwa, ta fizge su suka watse. Ta cire mata rigar ciki, ta zuba gorar tun daga kai har ƙafa. Direban ya dawo da bokiti biyu na dakakkiyar ƙanƙara mai ƙarnin kifi. Suka cusa ta a tawul da rigarsa da ya tuɓe, suka danna inda aka ce. Wasu matafiya suka taru. Wata mata ta kawo jarkar ruwa, wani ya yage kwali yana fifita da hannu biyu.

A haka Didier ya iso, da ledar abinci a hannu, Murielle a bayansa.

"Me kike yi haka? Kin yi wa uwata tsirara a gaban jama'a? Rufe ta!"

Ya cire hularsa zai rufa mata a ƙirji. Direban ya tare shi da kafaɗa. "Malam, ko ka kama fifita ko ka matsa. Mutuwa take yi."

"Barci take yi! Wa ya sa ka a ciki?"

"Didier," in ji Nadège, ba ta ɗago ba, "in ka taɓa ta sai na yi maka ihu a wurin nan."

Bai taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. Ya ja baya. Murielle ta tsaya nesa da karenta a hannu, tana cewa wannan ƙanƙarar ƙazanta ce, za ta sa mata wata cutar.

Sai bayan minti ashirin da biyar 'yan kwana-kwana, waɗanda su ne masu agajin, suka iso ta gefen hanya da jiniya. Suka auna zafin jikinta, ya haura arba'in da ɗaya, bayan duk ƙanƙarar nan. Suka sa mata ƙarin ruwa ta jijiya tun a ƙasa. Babbansu ya ce mutum ɗaya zai iya bin su. Didier ya ce shi sai ya san yadda zai yi da tirela. Nadège ta shiga, rigarta jiƙe, tana warin kifi.

Fernande ta kwana ɗaya a ɗakin masu tsananin jinya ba ta farfaɗo ba. Ranar Lahadi da la'asar likitar da ke kula da ita, wata doguwar mata mai gilashi, ta kira su ukun wani ƙaramin ofis ta rufe ƙofa. Ta ce ƙodojin sun tsaya, hanta ta biyo baya, zuciyar ta kasa. Ƙarfe uku da minti goma ta cika.

Murielle ta fasa kuka. Didier ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na girgiza. Kukan gaske suke yi, Nadège ba ta yi shakkar haka ba.

Likitar ta bari suka lafa, sannan ta buɗe fayil. "Akwai abin da dole in tambaya. Yadda jininta ya nuna, ba rashin ruwan awa ɗaya ba ne, na kwanaki ne. Me take sha a hanya?"

"Ƙi take yi," in ji Didier da sauri. "Kin san tsofaffi, Likita. Da bakinta ta ce ba ta jin ƙishirwa. Ko ba haka ba, Murielle?"

"Mun yi mun yi," in ji Murielle tana share hanci. "Kanta ya riga ya juye. Har zagina ta yi."

"Zagin nan da rikicewar alamar bugun zafi ne, ba tsufa ba," in ji likitar. "A mota kuma minti nawa ta yi ita kaɗai?"

"Biyar. Goma a ce."

Likitar ta rubuta. Sannan ta kalli Nadège, wadda ba ta yi kuka ba. "Madam, ke ce kika zo da ita. Haka ne?"

Didier ya ɗora hannu a gwiwar matarsa ya matsa. Ta kalli hannun, ta ɗauke shi ta ajiye masa a cinyarsa.

"Ba haka ba ne. Ba ƙi ta yi ba. Kwana uku kofi ɗaya take samu da yamma, don kar ta jiƙa kujera. Ta miƙo kofi a ƙara mata aka karɓe. Kullum da safe ana ba ta ƙwayar fitsari. A mota kuma ta yi minti arba'in."

Likitar ta ajiye biro ta ce doka ta wajabta mata sanar da hukuma, kuma ba za a ba su gawar ba sai an yi bincike.

A farfajiyar asibitin Didier ya tare ta. Idanunsa sun yi ja. "Kin san abin da kika yi? Uwata ta mutu, ke kuma kin kai ni gaban 'yan sanda. Ni na kawo zafin? Mutum nawa suka mutu a makon nan? Duk 'ya'yansu ne suka kashe su?"

"Mu muka ɗauke ta muka kawo ta hutu," in ji Murielle. "Wasu a gida suke kulle nasu su tafi. Wannan ce godiyar?"

A makon nan kam an mutu da yawa. Kowace yamma ana karanto adadi a labarai, a ce zafi ya yi kisa, kowa ya girgiza kai. Zafi ba ya musu, ba ya ɗaukar lauya, duk abin da aka ɗora masa ya ɗauka. Ba wanda zai tambaye shi wa ya zaunar da tsohuwa a gefen rana, wa ya karɓe kofi daga hannunta, wa ya tuna da kare ya manta da uwa. A Roubaix maƙwabta sun riga sun fara turo saƙon ta'aziyya, suna yaba wa 'ya'yan kirki da ba su bar mahaifiyarsu ita kaɗai ba. Didier yana amsa kowane ɗaya da godiya.

Ranar Talata aka kira Nadège ofishin jandarma, 'yan sandan yankin, ita kaɗai. Wani jami'i mai sanyin magana ya saurare ta kusan awa guda yana bugawa a na'ura. Da ya gama ya juyo mata da allon, ya ce ta karanta kafin ta sa hannu.

Ta bi layukan da yatsa. A tsakiyar shafi ta tsaya.

"Nan ka rubuta, an hana ta ruwa."

"Eh, Madam. Ba haka kika ce ba?"

"Gyara shi. Rubuta, mun hana ta."

Jami'in ya ɗago ya dube ta. "Kin fahimci abin da hakan zai iya jawo miki? Ke ce kika kira agaji. Direban ma ya ba da shaida a kanki mai kyau."

"Na fahimta. Mijina ne ya faɗa, ƙanwarsa ta goya masa baya. Amma ruwan a wurina yake tun daga ƙofar gida, kuma ni na rufe motar."

Ya goge kalmar ya buga wata. Ta sake karantawa tun daga farko, ta karɓi biro ta sa hannu.